Faɗan Ingilishi a Zauren Ya Kaka

Habsu ta yi yaji ne a kan lalle. Ice ɗaya ne tak, wanda ta dasa da hannunta a gefen lambun mijinta, can cikin kwari inda ruwa yake kusa har mutum ya tona da ƙwarya ya same shi. Ta yi ta ba shi ruwa tun yana ɗan tsiro har ya kai mata kafaɗa. Sai rannan mijin nata, Aisami, ya ga dabbobin mutane sun sami kafa a shingen albasa. Ya duba dama, ya duba hagu, bai ga abin toshewa ba sai lallen Habsu. Ya sa gatari ya sare shi daga gindi ya cusa a kafar. Da ta yi magana, a gaban matan da suka zo ɗiban ruwa, sai ya ce, “To, ai ice ne.”

Nan take ta koma gida ta ɗaure kayanta. Ta ratsa Gure da rana tsaka yadda kowa zai gani, ta tafi gidan kakarta Ya Kaka. Iyayenta suna can Kelle, da nisa. Gidan Ya Kaka kuwa, ko tuwo aka ɗauko daga gidan Aisami ba zai huce ba kafin a iso.

Gaskiyar magana, fushin bai daɗe ba. Ya Kaka tana minshari, tana tashin mutum daka tun kafin zakara ya gama shawara, kuma miyarta kullum kanwa ta yi yawa. Habsu ta fara kewar ɗakinta, da murhunta wanda ta san inda yake cin wuta, har da shi Aisamin. Ƙato ne wanda magana ba ta zauna masa daidai a baki ba, amma dabinon farko da ya nuna a lambu bai taɓa kai wa kowa ba sai ita. Tana so ta koma. Amma mace ba ta komawa da ƙafarta.

A dangin su Ya Kaka biko yana da ƙa'ida. Miji zai zo da babbansa, su zauna a zaure, babban ya yi wa mijin faɗa. Faɗa na gaske, da ƙarfi, yadda matar da ke bayan zana za ta ji, maƙwabta su ji, mai wucewa da jaki ya ja linzami ya tsaya ya ji. Shi mijin ai ya riga ya san abin da ya yi. Don kunnuwan unguwa ake yi, saboda gobe in matar ta je rijiya kada wata ta ce zaman gidan kaka ne ya ishe ta ta lallaɓa ta koma. In faɗan ya yi kyau, mace ta fito tana yanga. In bai yi ba, a ce a sake.

Dangin Aisami a da ba su da matsala ta wannan wajen, don suna da Baba Garbai, wanda in ya yi wa mutum faɗa a Gure, makiyayan hanyar Bune sai sun tambayi wa ya yi laifi. Mata har marmarin yaji suke yi a dangin nan. To, Baba Garbai ya kama hanyar Makka a ƙasa tun bayan shekarar fara, labarinsa na ƙarshe daga wajen Wadai aka ji shi. Babba ɗaya ya rage wa Aisami, wansa Barmo.

Shi Barmo ya yi cin rani ne a Nguru, ƙasar Ingilishi, inda jirgin ƙasa ya iso ba da daɗewa ba. A wani kanti ya zauna inda ake sayen gyaɗa. A bakinsa, shi ne na hannun daman Baturen kantin, ko atishawa Baturen zai yi sai ya dube shi tukuna. Masu raƙuman da suka kai kanwa can kuwa sun ce sun gan shi a bayan kantin da basilla yana ɗinke bakin buhu. Ya dawo da takalmi mai igiya wanda yake matse shi, da wani ɗan tari da yake yi kafin ya yi magana, da kalmar Ingilishi “orai” wadda yake faɗa wa kowa, har jaki.

Kwanaki suka yi ta tafiya, Barmo bai zo ba. Aka ce yana shiri. Ya Kaka ta gaji. Ta sa aka faɗa musu cewa ranar kasuwa mutanen Kelle za su zo da takarkarinsu, bayan la'asar su juya. In har lokacin ba a yi biko ba, Habsu za ta bi su gidan ubanta. Shi kuwa uban Habsu mutum ne mai fara zuwa wurin alƙali, sa'an nan ya dawo ya tambayi me ya faru. Habsu ta san in ta hau takarkarin nan, aurenta ya hau tare da ita.

Ranar kasuwa da hantsi suka iso. Habsu tana bayan zanan da ya raba zaure da tsakar gida, idonta a wata 'yar kafa da ta ce gara ce ta ci. Barmo ne a gaba, yana taku kamar mai tsallake ƙaya. Aisami yana biye, ɗauke da wani abu a ka, katako ne sirara da tamfol a naɗe. Aisami ya tuɓe takalminsa tun daga nesa ya tsuguna. Barmo ma ya so ya tuɓe, amma sai da Ya Kaka ta gama gaisawa da Aisami, ta tambayi lambu, ta tambayi jaki, ta koma ta sake tambayar lambu, kafin ya gama da igiyar ƙafa ɗaya.

Unguwa ta riga ta shirya. An daina daka a gidajen da ke kewaye. Yabawa, maƙwabciyar Ya Kaka, wadda duk labarin da ya isa rijiya ta bakinta ya bi, ta jingina turmi da danga ta hau tana gyaran wani kabewa da ba ya bukatar gyara.

Ya Kaka ta ce, “To, Barmo, ga ka, ga ƙanenka. Ka san abin da ya yi. Bismilla.”

Barmo ya yi ɗan tarinsa. “Ya Kaka, ni yau ba faɗa zan yi masa ba.”

Habsu ta ƙara manna ido a kafar.

“Rifiriman zan yi masa.”

“Me?”

“Rifiriman. Kalmar Ingilishi ce. Faɗa ne, amma na manya.” Ya gyara zama. “Kin ga, Ingilishi kalmomin faɗa gare su iri-iri, kamar yadda muke da irin gero. Akwai wanda uwa take yi wa yaro in ya zubar da nono, shi ake ce wa sikol, wannan ba na maza ba ne. Rifiriman kuwa sai babba ya yi wa na ƙasa da shi. A ofis ake yi. A zaune. Ƙofa a rufe.”

“A rufe,” in ji Ya Kaka.

“A rufe. Ba a ɗaga murya. Ba a nuna mutum da yatsa. Ba a tono abin da ya wuce. Ka dube shi kawai ka faɗa masa ba ka ji daɗi ba.”

“To yaya ake yi ya san an yi masa?”

“A jikinsa yake ji. Ni da idona na ga ƙato da gemu ya fito daga rifiriman ƙafafunsa suna rawa.”

Wannan gaskiya ya faɗa. Masu raƙuma ma sun ga ƙaton, ranar da buhunan da Barmo ya ɗinka suka buɗe a kan hanyar tasha.

Ya Kaka ta ce, “Ikon Allah. Mu Nasaranmu na bariki in ya tashi faɗa, wuyansa har ja yake yi kamar na zakara. Gardawan da ke tsaronsa ma ɓuya suke yi.”

“Wannan Faransi ne, Ya Kaka. Faransi ba su gama wayewa ba.”

Ya ce wa Aisami ya sauke kayan. Aka kwance, Barmo ya ja nan ya tura can, sai ga kujera ta miƙe da ƙafafu huɗu a gicciye. Ya ce Baturen ne ya ba shi da hannunsa ranar sallama, har idonsa ya kawo ruwa. Ya share ta da hannun riga, ya hura, ya sake sharewa. Sa'an nan ya dubi zauren ya ga ba shi da ƙofa, ko ta gaba ko ta baya. Ya nemi tabarmi biyu, aka rataya. Da ya gama, sai ya juya wajen Ya Kaka cikin ladabi ya ce ita ma sai ta ɗan ba su wuri, don rifiriman ba ya son ido.

Tunda aka gina zauren nan ba a taɓa fitar da Ya Kaka daga cikinsa ba. Mamaki ne ya ɗaga ta. Ta shigo tsakar gida ta tsaya kusa da Habsu, baki buɗe, carbi a hannu.

Habsu ta manna kunne da zana. Ta ji ƙarar kujera, Barmo ya zauna. Ta ji ɗan tari. Daga nan sai wani ƙus-ƙus can ƙasa, kamar ƙuda ya faɗa cikin gora. Ta daina numfashi ko za ta tsinci kalma ɗaya. Ta ji zabuwa a bayan gida. Ta ji wani mai tallan kanwa can bakin kasuwa. Daga zaure, shiru.

Yabawa ta leƙo ta kan danga. “Ya Kaka, an fara ne?”

Ya Kaka ta ja carbinta.

Jim kaɗan sai Habsu ta ji abin da ya fi komai tayar mata da hankali. A gidan da ke bayansu an ci gaba da daka. Wani gidan ma ya ɗauka. Unguwa ta fid da rai, ta koma aikinta.

Can sai aka ɗaga tabarma. Barmo ya fito ƙofar gida da kujerarsa a hannu, ya kafa ta a inuwa, fuskarsa kamar wanda ya sauke Alƙur'ani. Aisami ya biyo shi lafiya lau, ko zufa bai yi ba. Ya Kaka ta ratsa zauren ta same su, Habsu kuma ta koma wata kafar da ke duban waje, wadda ita ma gara ce ta ci.

“An gama,” in ji Barmo. “Orai.”

“An gama me?”

“Rifiriman. Mai tsanani ma na yi masa.”

Ya Kaka ta dubi Aisami. “Kai, me ya ce maka?”

Aisami ya sunkuyar da kai. “Ya ce bai ji daɗi ba.”

“Sai me?”

“Ya ce kada in sake.”

“Sai me?”

“Sai ya dube ni.”

“Ya dube ka.”

“Ya daɗe yana dubana, Ya Kaka.”

Ya Kaka ta juya ta ɗaga murya. “Ke Habsu! Kin ji wani abu?”

Habsu ta saci kallon danga. Ta san abin da take so ta ce, ta kuma san Yabawa tana kan turmi. Ta ce, “Kamar dai... kamar na ɗan ji wani abu.”

“Tantabaruna ne,” in ji Yabawa. “Tun safe suke yi.”

Ya Kaka ta ce, “To ka ji. Barmo, ni ban raina abin Ingilishi ba, tunda ban gan shi ba. Amma jikata da rana tsaka ta fito, kowa ya gani. Yadda aka ga fitarta, haka za a ji komawarta. Ga ƙanenka nan. Ka maimaita abin da ka faɗa masa, ka ɗaga murya, ka ɗan ƙara gishiri. Ko rabin na Garbai ka yi, na karɓa.”

Barmo ya yi murmushi irin na mai haƙuri da jahilai. “Ya Kaka, rifiriman ba a yin sa sau biyu. In an yi, ya zauna. Kuma ni na bar ihu. Mutumin da ya zauna da Ingilishi ba ya tsayawa a kan hanya yana kururuwa kamar mai kiran shanu. Abin da Baba Garbai yake yi, Allah ya dawo da shi lafiya, zamaninsa ya wuce.”

“Haka ne?”

“Haka ne.”

“To madalla. Yabawa, aika a ce wa mutanen Kelle su biyo ta nan da takarkarin. Ba sai la'asar ba. Ke kuma Habsu, fito da kayanki.”

Barmo ya ce ai wannan gaggawa ce, a ƙasar Ingilishi sai an zauna an duba magana. Ba wanda ya kula shi. Ya zauna a ƙasa kusa da kujerar, don ya ce tamfol ɗin ba ya son yawan zama, ya fara aikin mayar da takalmi.

Habsu ta shiga ɗaki. Kayan nata dama a ɗaure suke tun jiya, ɗaurin komawa gida. Ta tsaya tana kallonsu. Ta tuna yashin hanyar Kelle, da fuskar ubanta, da yadda zai sa babbar riga tun kafin ta gama sauka. Duk a kan lalle. Lallen da in an bar gindinsa ma tohowa zai yi da damina. Ta ji kamar ta fita ta kama Barmo ta girgiza shi har ihun ya zubo.

Ta fito da ƙunshin ta ajiye a bakin zana. Ta leƙa. Aisami yana tsaye a rana, hannuwa a sake, yana kallon ƙasa kamar an ce masa a nan maganin yake. Takarkarin ya riga ya shawo kwanar lungun, mai shi yana tafe yana cin goro. Barmo ya gama ƙafa ɗaya, ya sunkuya a kan ta biyu, harshe a waje. Kujera tana gefensa ita kaɗai a inuwa.

Mai yaji ba ta magana da mijinta kafin a gama biko. Ko sunansa ba ta kamawa dama. Amma ba wanda ya hana mace yi wa dabba tsawa a gidan kakarta.

Habsu ta ɗaga murya. “Ke akuyar nan! Kul! Kada ki kuskura ki je kusa da kujerar mutane!”

Babu akuya a gidan Ya Kaka. Ta ƙarshen an cinye ta tun shekarar fara. Ya Kaka ta waiwayo ta dubi zanan, ta daɗe tana duba, sa'an nan ta mayar da kanta ta ci gaba da jan carbi.

Aisami ya ɗaga kai ya fara dube-dube. Ya leƙa bayan danga. Ya leƙa ƙarƙashin rumbu. Neman akuyar yake yi.

Habsu ta rufe ido ta kira sunan Allah. Wannan shi ne mutumin da take so ta koma wa. Ta sake cewa, da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, “Na ce ki kiyayi kujerar nan! Ba ta ɗaukar mai nauyi! In ta karye, mai ita ihu zai yi har kasuwa a ji!”

Aisami ya tsaya cak. Ya dubi zanan, daidai 'yar kafar. Ya dubi kujerar. Ya dubi ƙeyar wansa. Habsu tana ganin maganar tana shiga masa a hankali, kamar ruwa a busasshen fage. Takarkarin ya iso ƙofar gida ya tsaya yana kaɗa wutsiya.

Aisami mutum ne da ya yi rayuwarsa yana jan jigo, kuma ba ya wasa da tuwo. Ya taka zuwa inuwa. Ya juya baya. Ya ce bismilla, ya saki jikinsa gaba ɗaya.

Kujerar ba ta yi gardama ba. Ƙara ɗaya ta yi, tamfol ya tsage, ƙafafun suka watse kowace ta kama gabanta. Aisami ya kwanta rigingine a cikin yashi, ƙafafu a sama. Ya ɗago wani guntun katako ya duba, ya ce, “Yaya, ashe ba ta da ƙarfi.”

Barmo ya miƙe a hankali, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Bakinsa ya buɗe ya rufe. Ya yi ƙoƙarin ɗan tarin nan, bai fito ba. Abin da ya fito, tantabarun Yabawa duk sai da suka tashi.

“Kai! Kai jakin ina ne? Ƙaton banza ƙaton wofi! Kujerar da na ɗauko a ka tun daga Nguru! Ko raƙumi ban yarda ya ɗauke ta ba! Ni kaina sai ranar Juma'a nake zama a kanta! Wa ya ce ka zauna? Ƙasa ta ƙare ne? Duk yashin Gure bai ishe ka ba?”

“Na tuba, Yaya.”

“Rufe mini baki! Hannun nan naka ya taɓa taɓa abu ya bar shi da rai? Tun kana yaro haka kake! Wa ya fasa randar Iya? Wa ya zauna a kan 'yan tsaki ranar sunan ƙanenmu Isa? Wa ya bar jaki ya cinye igiyar guga? Uwar da ta haife ka...” Nan ya tuna uwa ɗaya ce ta haife su, ya haɗiye, ya koma ta wajen kai. “Kai kamar tulu, ba komai a ciki sai iska!”

Daka ya tsaya a duk unguwar. Yara suka fito, tsofaffi suka fito, masu dawowa daga kasuwa suka sauke kaya. Mai takarkari ya jingina da dabbarsa ya ɓare sabon goro. Wani gardin bariki da ke wucewa a kan doki ya ja linzami, ya saurara, ya gyaɗa kai irin na wanda ya san aiki.

Ya Kaka ta matso kusa, ta ce a hankali, kamar mai tura ice a murhu, “Lallen fa?”

“Da lallen!” Barmo ya juya yana nuna Aisami da takalmi. “Yarinyar mutane ta dasa abinta, ta yi ta ɗawainiya da shi, ka zo da gatari kamar mahaukaci! Duk ƙayar da ke kwarin nan ba ka gani ba? Da me kake so ta yi ƙunshi ranar salla? Da albasa?”

“A gaban mata kuma ya mayar mata da magana,” in ji Ya Kaka.

“A gaban mata! Mara kunya! Wa ya ba ka mace irin wannan in ba don ana ganin mutuncin gidanmu ba? Ita ta yi ta haƙuri da kai, da warin takin da kake shigo mata da shi ɗaki, da cin da kake yi kamar fara! Ni ne ita, da tuni na kai Kelle a ƙasa!”

Da Hausa ta ƙare masa sai ya koma Barbarci, ya ɗauko maganganun da Habsu tun rasuwar kakanta ba ta sake ji ba. Jijiyar wuyansa ta tashi. Hularsa ta faɗi bai sani ba. Aisami yana tsugune a cikin karyayyun katako, kai a ƙasa, yana ta cewa, “Gaskiya ne, Yaya. Na tuba, Yaya,” da murya irin ta mutumin da ake zuba wa ruwan sanyi a bazara.

Habsu ta ja da baya daga zanan. Ta zauna a kan ƙunshin kayanta. Dariya ta taso mata tun daga ciki, ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta suna ta rawa, hawaye na zuba. Yabawa ta hango ta daga kan turmi.

“Wayyo, Barmo, ya isa haka!” in ji Yabawa. “Yarinya har kuka take yi don tausayinsa. Kai, ni tunda nake ban taɓa jin biko irin wannan ba.”

Barmo ya tsaya yana haki. Ya dubi taron, ya dubi takalmin da ke hannunsa, ya dubi yatsansa da har yanzu yake nuna ƙanensa. A hankali ya sauke shi. Ya ce da dusasshiyar murya, “Ya Kaka, wannan fa ba rifiriman ba ne.”

“Ko me sunansa, ya yi,” in ji Ya Kaka. “Allah ya yi maka albarka. Ashe kana da murya kake ɓoyewa.” Ta juya wajen mai takarkari. “Malam, ka yi haƙuri, ba kaya. Shigo ka sha fura.”

Wata tsohuwa daga cikin taron ta matso ta kama hannun rigar Barmo. Ta ce surukarta ta yi yaji tun watan jiya, kuma su ba su da babba mai baki, ko zai taimaka ranar Laraba. Barmo ya zare hannun rigarsa. Ya tsuguna yana tsince katakonsa ɗaya-ɗaya.

Habsu ba ta yi sauri ba. Ta wanke fuska, ta sa kwalli, ta sake ɗaurin zane. Ya Kaka ta yi mata nasihar da aka saba, a gajarce, don ita ma ta gaji da baƙuwa. A bakin zaure ta ɗan riƙe ta, ta ce ƙasa-ƙasa, “In kin sake zuwa, ki zo da akuyar taki. Ina son nono.”

Ta hanyar kasuwa suka bi, duk da ta bayan gari ta fi kusa. Aisami yana gaba, Habsu tana baya da kaya a ka, tana amsa gaisuwar mata da fuskar wadda aka sha wahala kafin a shawo kanta. Sai da suka bar mutane ta lura yana ɗingishi, kuma hannunsa ɗaya yana riƙe da bayan wando.

Gidan yana nan yadda ta zata. Kaji sun koma kwana a ɗakinta, tukunyar da ta bari a kan murhu tana nan da ƙanzon tuwon a ciki, ya zama dutse. Ta tsaya a tsakar gida ta ja numfashi, ta ji har warin takin ya yi mata daɗi. Ta sauke kaya. Ba ta dube shi ba.

“Ka ji ciwo ne?”

“Ƙusa ce,” in ji Aisami.

“A ina?”

Ya sosa ƙeya. Can ya ce, “Ina jin dai a tsaye zan ci tuwo kwana biyu.”

“Madalla,” in ji Habsu.

Ta kori kajin, ta hura wuta, ta ɗora masa ruwan zafi.